Neman Dangin Uwa a Karkarar Sikotlan: Daga Takarda Zuwa Kufai

Aminina haifaffen Jos ne. Ta wajen uba zai zayyano maka kakanninsa har hawa biyar bai numfasa ba, da garin da kowanne ya zauna da sana'ar da ya yi. Ta wajen uwa kuwa sai ya yi shiru. Mahaifiyarsa ma'aikaciyar jinya ce 'yar Gilasgo, ta auri ɗalibi ta biyo shi gida, ta iya tuƙa tuwo fiye da wasu 'yan ƙasa, a nan kuma aka binne ta. Abin da ta bar masa na danginta bai wuce uku ba: sunan Mackay, hoton wani dattijo mai hular ulu a bakin teku, da wata magana da takan yi idan hazon hunturu ya sauko, wai mutanensu daga can arewa suka gangaro. Da ya ɗaura niyyar zuwa neman su, ni na raka shi, muka yi mako biyu. Irinsa suna da yawa fiye da yadda ake zato: 'ya'yan auren da aka ƙulla a jami'o'in Gilasgo da Dundee da Aberdeen, jikokin Turawan kuza da na reluwe, da wanda ya auri 'yar can yake so 'ya'yansa su san ɗaya ɓangaren nasu.

Tun kafin ka taɓa kuɗin jirgi, ka san cewa sunan dangi shi kaɗai ba ya kai mutum gida a Sikotlan. Ka sauka a arewacin ƙasar ka ce kana neman 'yan Mackay, daidai yake da ka sauka a tashar mota a Kano ka ce kana neman gidan Alhaji Sani. Abu uku ne suke kai ka: sunan gundumar coci, wadda suke kira parish, sunan ƙauye ko gona, da shekara. Ƙasar a rarrabe take zuwa irin waɗannan gundumomi sama da 900, kuma kusan duk tsohuwar takarda da gunduma aka ajiye ta. Sunayen ƙauyuka zan bar su yadda suke a allunan hanya, don ka same su a taswira.

Fara da akwatin gida

Ka zauna da tsofaffin da suka rage, na nan da na can, ka ɗauki muryarsu a waya. Kada ka tambaye su tarihi, za su ce ba su sani ba. Ka tambaye su ƙananan abubuwa: wa yake aiko da wasiƙa, daga wane gari, wace sana'a kakan yake yi, wane coci suke zuwa, ko tsohuwar takan yi wani yare da ba Turanci ba idan ranta ya ɓaci. Amsar ta ƙarshe ita kaɗai za ta iya raba maka ƙasar biyu, domin Gaelic harshen tsaunukan arewa da tsibiran yamma ne. Ka juya bayan kowane hoto. Ka duba hatimin gidan waya a kan ambulan.

Ka sayi littafi guda ka riƙa rubutu da fensir. Duk abin da takarda ta tabbatar, ka rubuta shi da inda ka gan shi. Duk abin da ji ka yi ko zato, ka sa masa alamar tambaya. Wannan 'yar ɗabi'a za ta hana ka ɗaukar kakan wani ka mai da naka.

Takardun gwamnati, daga 1855

Ranar 1 ga Janairu 1855 doka ta wajabta rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Sikotlan. Ana samun su duka a shafin ScotlandsPeople, wanda hukumar adana takardun ƙasar, National Records of Scotland, take gudanarwa. Buɗe asusu da binciken jerin sunaye kyauta ne, ganin hoton takardar ne ake biya da maki da kake saye da kati. Daga ɗakinka a Kaduna ko Maraɗi za ka iya yin rabin aikin.

Takardun nan sun fi na Ingila ƙoshi. Ta haihuwa tana faɗin rana da garin da iyayen suka yi aure, in ban da na shekarun 1856 zuwa 1860. Ta aure tana kawo sunan uba da uwa na ango da na amarya. Ta mutuwa tana kawo sunan mahaifin mamaci da sana'arsa, da sunan mahaifiyarsa har da sunanta na gidan ubanta. Ma'ana kowace takarda tana miƙa maka hannun ta bayanta. Ka fara da wanda ka tabbatar da shi, ka riƙa ja da baya hawa-hawa: haihuwarsa, auren iyayensa, haihuwarsu, mutuwarsu. Kada ka tsallake hawa don ka ga suna mai kama a can sama.

Akwai shinge guda. A intanet ba a nuna hoton takardar haihuwa sai ta cika shekara 100, ta aure 75, ta mutuwa 50. Mahaifiyar aminina ba ta kai ɗari da haihuwa ba, don haka sai da ya yi odar kwafin takardarta, daga nan hanya ta buɗe.

Dabarar da ta fi kowace amfani ita ce ta neman tsoho. Wanda aka haifa a 1790 ya rayu har ya wuce 1855, takardar mutuwarsa za ta ba ka sunayen iyayen da aka haifa wajen 1760. In kakanka na kai tsaye ya rasu kafin dokar, ka nemi wansa ko ƙanwarsa da ta yi tsawon rai, ai iyayensu ɗaya. In kuwa Allah ya sa wani naka an haife shi ko ya mutu a cikin 1855 ɗin kanta, ka tsinci dami a kala: a shekarar farko magatakarda sun rubuta har shekarun iyaye da garin haihuwarsu da yawan 'ya'yansu, daga baya aka ga aikin ya yi nauyi aka rage. Amma ka duba wanda ya kai rahoton mutuwar. In ɗa ne, ka yarda da shi. In maƙwabci ne ko suruki, sunan mahaifiyar mamacin ya sha alamar tambaya.

Ƙidaya

Ƙidayar jama'a ta kowace shekara goma, daga 1841 zuwa 1921, tana shafin nan. Ta 1841 ragguwa ce: ba ta faɗin dangantaka, kuma shekarun duk wanda ya haura 15 an zaftare su zuwa biyar-biyar, mai 44 ya koma 40. Daga 1851 ne ake rubuta gundumar da aka haifi kowa, kuma wannan layin shi kake farauta. A nan muka ga kakan mahaifiyarsa, lebura a wurin ƙera jiragen ruwa a bakin kogin Clyde, an rubuta a gaban sunansa: Farr, Sutherland. "Can arewa" ta sami suna. Ka karanta shafin gaba ɗaya, har da gidajen maƙwabta, domin a karkara maƙwabci yawanci ɗan'uwa ne.

In kakanka ɗan birni ne da talauci ya taɓa, ka yi murna da baƙin cikinsa. Bayan dokar tallafin matalauta ta 1845, duk mai neman taimako sai an yi masa tambayar ƙwaƙwaf: ina aka haife ka, su wa suka haife ka, ina ka zauna, me 'ya'yanka suke samu. Na Gilasgo suna ɗakin karatu na Mitchell, kuma takarda ɗaya takan ba da labarin da goma ba su bayar ba.

Kafin 1855, inda ƙasa take santsi

Daga nan sai littattafan baftisma da aure na Cocin Sikotlan. Mafi tsufa na Errol ne a yankin Perth, daga 1553, amma kada wannan ya ruɗe ka. Gundumomi da yawa na tsaunuka da tsibirai ba su fara rubutu ba sai ƙarshen ƙarni na 18 ko farkon na 19, wani littafin ɓera ya ci, wani danshi ya cinye. A 1783 gwamnati ta sa harajin taro a kan kowace rajista, talakawa suka ƙaurace har aka soke shi a 1794. A 1843 kuma cocin ya dare biyu, fastoci sama da 400 suka fice suka kafa Free Church, kuma a tsaunuka yawancin jama'a su suka bi. Saboda haka rashin ganin sunan yaro a littafi ba ya nufin ba a haife shi a gundumar ba. Ka duba littattafan sauran ɗariku da na Katolika, suna shafin su ma. Ka duba kuma na majalisar dattawan coci, waɗanda suke hukunta masu cikin shege, suke raba sadaka, suke ba da hayar baƙin mayafin da ake rufa wa akwatin gawa. Sau da yawa kuɗin hayar mayafin nan shi ne kaɗai shaidar ranar da mutum ya rasu.

Sunaye su ne babban rami. Suna da al'adar mayar da suna irin tamu: ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'yar fari sunan kakarta ta wajen uwa, ta biyu ta wajen uba. Mu mukan sakaya da Abba ko Ummi, su ba sa sakayawa a takarda, sai ka iske 'yan'uwa maza huɗu kowanne da ɗansa mai suna ɗaya, a ƙauye ɗaya, cikin shekara biyar. Al'adar tana taimakawa wajen hasashen sunan kaka, amma hasashe ne. Sannan magatakarda yana jin suna da Gaelic ya rubuta abin da ya ga dama da Turanci: Peter da Patrick mutum ɗaya ne, haka Donald da Daniel, Jessie da Janet, Agnes da Nancy, Marion da Sarah. Mackay kuma yakan fito McKay ko M'Kay, don haka ka sa alamar tauraro a madadin haruffan da kake shakka idan kana bincike. Abu ɗaya da ya yi mana daɗi: macen Sikotlan ba ta rasa sunan gidan ubanta, yana bin ta har kan dutsen kabari.

A nan muka cije. Ƙidayar 1851 ta nuna mana wata mata, kaka ta can sama, haifaffiyar Farr. Littafin baftisma ya nuna jarirai mata uku masu sunanta cikin shekarun da suka dace, ɗaya a cikinsu an ce ubanta mazaunin ƙauyen Rosal ne. Takardar mutuwarta da za ta raba gardama kuwa mun neme ta a gundumar ba mu gani ba. Aminina ya rubuta Rosal, ya ɗora alamar tambaya.

Taswira da labarin gunduma

Ɗakin karatu na ƙasa, National Library of Scotland, ya zuba tsofaffin taswirori kyauta a intanet, har da hanyar jera tsohuwa da hoton tauraron ɗan'adam na yau gefe da gefe. Taswirar hukumar safiyo ta inci shida, bugun farko na tsakanin 1843 da 1882, tana nuna gida ɗaya-ɗaya da rijiya da garke. In ƙauyen ya mutu kafin lokacin, ka koma ta soja da William Roy ya zana daga 1747 zuwa 1755, sai dai ita ba ta haɗa da tsibirai ba. Ka ɗauki lambobin wurin ka adana a waya, ka kuma buga shafin a takarda.

Ka karanta abin da faston gundumar ya rubuta a kundin bayanan ƙasa da Sir John Sinclair ya tattara daga 1791 zuwa 1799, da na biyu na 1834 zuwa 1845: me ake nomawa, nawa ne lada, wace cuta ce take kisa, me ya sa mutane suke tashi. Ga mutanen tsaunuka akwai shaidar da ƙananan manoma suka bayar da bakinsu gaban hukumar Napier a 1883, ƙauye-ƙauye, da sunayensu, wadda ta kai ga dokar 1886 da ta hana a kore su daga 'yan gayaunin da suke haya.

Shirin tafiya

Biza ta Birtaniya ce, ta baƙo, wata shida. Ka haɗa da jadawalin tafiyarka da shaidar masauki. Lokacin da ya fi shi ne Mayu zuwa farkon Yuni, ko Satumba. Yawancin ƙananan gidajen tarihi na ƙauye daga Afrilu zuwa Oktoba suke buɗewa, a Disamba kuma rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Yuli da Agusta masauki yana tsada, ga wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da ba su kai sauro girma ba, amma in iska ta kwanta sai su rufe ka kamar hayaƙi. A Yuni dare ba ya gama yin duhu a can ƙuryar arewa, don haka ka karɓi jadawalin salla daga masallacin Inverness kafin ka nausa. Stornoway ma tana da masallaci tun 2018.

Takalmi mai hana ruwa da rigar ruwa sun fi kwat amfani. Ka sa dogon wando ka cusa shi cikin safa, akwai kaska a ciyawa, ka duba jikinka kowane dare. A gidajen kwana da karin kumallo, ka gaya wa mai gidan tun da dare cewa ba ka cin naman alade, ba ka kuma cin baƙin tsiran nan nasu, da jini ake yin sa. Ƙwai, kifi da kunun hatsinsu na oats za su riƙe ka.

Jirgin ƙasa yana kai wa Inverness daga Edinbara cikin kamar sa'a uku da rabi, yana kuma zarcewa har Thurso da Wick, amma kufai ba ya bakin tasha. Sai da mota. Baƙo yana iya tuƙi da lasisin ƙasarsa har wata 12, amma ka tambayi kamfanin haya tun kana gida ko yana son na ƙasa da ƙasa. Hannun hagu ake bi, wanda Nijeriya ta bari tun 1972.

Kwana biyu a Edinbara, ɗaya a Inverness

Cibiyar ScotlandsPeople tana General Register House, a ƙarshen titin Princes ta gabas. Ka kama kujera tun kafin ka zo. Kuɗin yini ɗaya kake biya ka buɗe takardu iya ƙarfinka, har da na kusa-kusa da ba a nunawa a intanet, kuma ta nan ne ake gano dangi masu rai. Ka zo da jerin tambayoyi a rubuce, in ba haka ba yinin zai ƙare kana yawo cikin gidajen mutane. In danginka 'yan haya ne a ƙasar wani babban mai gida, littattafan karɓar haya sukan ambaci sunansu, na gidan Sutherland suna ɗakin karatu na ƙasa a nan birnin.

Shagunan da suke kan titin Royal Mile za su sayar maka da zane mai gidan dara na "danginka" da takarda mai tambari. Ka saya in kana son tsaraba, amma kada ka sa a littafinka. Raba wa kowane dangi nasa zanen yawanci aikin ƙarni na 19 ne, ya bunƙasa bayan ziyarar Sarki George na Huɗu a 1822. Tambari kuwa a dokarsu na mutum ɗaya ne, ba na duk mai sunan ba. Talakawa da yawa sun ɗauki sunan shugaban da suke zaune a ƙasarsa ba tare da haɗin jini ba. Gwajin ƙwayar halitta ma zai iya haɗa ka da 'yan'uwa a Kanada ko Ostireliya, amma ba zai nuna maka ƙofar gida ba.

A Inverness ka tsaya Highland Archive Centre. Suna da ɗakin binciken asali, da rajistar makarantu, wadda ta yawaita bayan dokar 1872 ta tilasta karatun yara, da littattafan tallafin matalauta. Suna da rassa a Portree, Fort William da Wick.

Hanya

Da ka wuce garin Lairg, arewa da Inverness, titi ya koma layi ɗaya, mota ɗaya ce take wucewa. An yi 'yan wuraren kaucewa a gefe, kowanne da alamarsa. In ka hango mota, wanda ya fi kusa da wurin kaucewa shi zai tsaya. In wurin yana hagunka ka shiga, in yana damanka ka tsaya daura da shi ka bar ɗayan ya shiga. In wani ya matso bayanka, ka kauce ya wuce, wataƙila likita ne ko mai kai wasiƙa. Ana ɗaga hannu a gaisa. Ba a ajiye mota a nan don ɗaukar hoto: mun yi, wani manomi mai tarakta ya koya mana da hon. Tumaki suna kwanciya a kan kwalta ba ruwansu. Ka cika tanki duk inda ka ga gidan mai, ka kuma sauke taswira a waya, domin sabis yana ɗaukewa na tsawon mil da yawa. Tafiyar da taswira ta ce sa'a biyu, ka ba ta uku.

Ko danginka ba daga nan suke ba, ka ratse daga Ardgay ka bi kwarin Strathcarron mil goma zuwa cocin Croick. A Mayun 1845 aka kori iyalai 18 daga Glencalvie don a zuba tumaki. Ba su shiga cocin ba, suna ganin rashin ladabi ne, sai suka kafa rumfa a maƙabartarsa. Ka zaga ta tagar gabas, ka matso da fuskarka kusa da ƙananan gilasan, ka karkata kai har haske ya faɗo a gicciye. Za ka ga rubutu da aka karce, siriri kamar gashi: sunaye, kwanan wata 24 ga Mayu 1845, da wani layi da yake kiran mutanen Glencalvie muguwar tsara. Su da aka zalunta, su suke ganin zunubinsu ne ya jawo musu. Aminina ya daɗe a tsaye a wurin, ni na koma mota.

Wannan shi ne dalilin da ya sa neman asali a tsaunuka yake ƙarewa a kufai. A Strathnaver, kwarin da Rosal take cikinsa a gundumar Farr, an yi korar a 1814 da 1819. Patrick Sellar, wakilin masu ƙasar, an gurfanar da shi a Inverness a 1816 kan ƙone gidaje da kisa, aka sallame shi. Waɗanda aka kora aka tura su gaɓar teku kan duwatsu aka ce su koyi su, wasu suka haye Kanada, jikokin wasu suka gangara Gilasgo.

Maƙabarta da mutanen gari

Zumunta a ƙafa take, amma ba a faɗa wa mutane gida ba sallama. Ka aika wa gidan tarihin yankin saƙo mako biyu kafin ka iso, da sunaye da shekaru a taƙaice. Na Strathnaver yana cikin tsohon cocin gundumar Farr a Bettyhill, inda aka karanta wa jama'a sanarwar kora daga kan mumbari. Masu aikin sa kai a irin waɗannan wurare su ne taskar gaske. Tambayar da masu Gaelic suke yi wa baƙo ita ce "Cò leis thu?", wato kai na wane ne, irin dai tambayar da tsohuwa za ta yi maka a ƙauyenmu. Amsar da suke jira jerin iyaye ce da laƙabin gida, don da laƙabi ake rarrabe masu suna ɗaya.

Wata dattijuwa a gidan tarihin ta saurari aminina kan kakar nan da muka rasa takardar mutuwarta har ya gama, ta ɗauko wani fayil na tarihin gonakin ƙauyen da aka tattara daga bakin tsofaffi. Ta bi da yatsa ta tsaya. Ta ce, "Ɗana, ba a nan ta rasu ba. Da mijinta ya mutu, wurin 'yarta ta koma a Thurso."

A maƙabarta ka je da safe ko da yamma, lokacin da haske yake zuwa a karkace, ko ka haska fitilar waya daga gefe. Kada ka kankare gansakuka, kada ka shafa alli, dutsen yana marmashewa. Ƙungiyoyin tarihin iyali sun kwafe rubutun kaburbura da yawa a 'yan littattafai tun suna karantuwa, ka tambaya. Talaka dai yawanci dutse ne kawai aka kafa masa babu rubutu. Ka duba kuma ginshiƙin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, kusan kowace gunduma tana da shi.

In takardunka tsibiran Lewis ko Harris suka nuna, ka kama wa motarka wuri a jirgin fito na CalMac tun da wuri, daga Ullapool zuwa Stornoway ya ɗan haura sa'a biyu da rabi. Ka nemi ƙungiyar tarihin yankin, Comunn Eachdraidh, da cibiyar Seallam a Northton. Ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke, ba kuma ranar ƙwanƙwasa ƙofa ba ce. In kudu ne ko gabas, matsalarka daban: barorin gona sukan sauya ubangida duk wata shida, a Mayu da Nuwamba, sai ka ga 'ya'ya biyar an haife su a gundumomi huɗu, ka bi su gona-gona. Ta can ne za ka ratsa Annan, mahaifar Hugh Clapperton, wanda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824 ya kuma rasu kusa da Sakkwato a 1827, da Selkirk inda gunkin Mungo Park yake, wanda ya halaka a Busa.

Kufai

Dokar 2003 ta ba kowa damar ratsa fili da ƙafa muddin ya kiyaye: ba a shiga farfajiyar gida, ba a taka shuka, ƙofar shinge a bar ta yadda aka same ta, a nisanci tumaki masu 'ya'ya a Afrilu da Mayu. Ba a ɗaukar dutse daga kango.

A ƙasarmu kuka ce take tona kufai, da ramukan marina da katangar tukwane. A can kore ne. Tsauni duk ja-ja ne da baƙi, sai ka ga wani fili shar, inda taki da toka na ɗaruruwan shekaru suka gyara ƙasa. Rosal haka take, bayan 'yar tafiyar ƙafa ta cikin daji kusa da Syre. Ka rage sauri ka kalli ƙasa. Dogayen layukan duwatsu da ba su wuce gwiwa ba, su ne gidajen, mutane a gefe ɗaya shanu a ɗaya ƙarƙashin rufi guda. Rami mai da'ira wurin busar da hatsi ne. A gangare za ka ga sawun kunyoyi. Ka tsaya inda ƙofa take ka ɗauki hoton abin da mai fitowa da safe yake gani, ka rubuta lambobin wurin. Ba wanda zai iya nuna maka wane gida ne naku, kada ka yarda a nuna maka.

Ka bar wa gidan tarihin kwafin abin da ka haɗa da adireshinka, don mai zuwa daga Kanada gobe ya same ka. Sannan ka ware yinin ƙarshe na tafiyar don komawa cibiyar Edinbara, domin abin da ka ji a ƙauye sai an gwada shi da takarda, kuma a can buɗe takarda ashirin da buɗe ɗaya kuɗinsu ɗaya. Mun buɗe takardun mutuwa na Thurso ɗaya bayan ɗaya, da sunan auren kakar da na gidan ubanta. A ta bakwai muka same ta: gwauruwar ƙaramin manomi, sunan ubanta da na uwarta daidai da na jaririyar Rosal. A wurin sa hannun mai kai rahoto, 'yarta ta dangwala alamar X, magatakarda ya rubuta sunanta a gefe. Aminina ya juya fensirinsa ya goge alamar tambayar.